Kundin Ɗa'ar Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta: Asalinsa, Ƙa'idojinsa da Matsayinsa a Najeriya

Kundin ɗa'ar masu rubuta manhajar kwamfuta rubutattun ƙa'idoji ne da ƙungiyoyin ƙwararru suka shimfiɗa domin fayyace abin da ya wajaba a kan mai wannan sana'a, da abin da bai halatta ya aikata ba ko da wanda ke biyan sa albashi ne ya umarce shi. Kamar yadda likita ke yin rantsuwa kafin ya fara duba marasa lafiya, lauya kuma ke da dokokin da ake ladabtar da shi da su, haka masu rubuta manhaja suke da nasu kundin, sai dai bai kai na waɗancan sana'o'i daɗewa ko ƙarfin tilastawa ba.

Batun ya shafi kowa. A Najeriya ta yau manhaja ce ke riƙe da lissafin asusun banki, ita ke tabbatar da cewa kuɗin da aka tura ta waya ko ta na'urar POS sun isa, ita ke tantance mai zaɓe a rumfa, ita kuma ke lissafa albashin ma'aikatan gwamnati. A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta amsa a bainar jama'a cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon jarrabawar ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har sai da aka sake musu jarrabawa. Ɗalibin da aka ba makin da ba nasa ba, ba shi da hanyar leƙa cikin na'ura ya gano inda kuskure ya faru. Abin dogaronsa shi ne amanar mutanen da suka rubuta manhajar, suka gwada ta, suka kuma sa hannu cewa ta shirya aiki.

Abin da ya bambanta wannan sana'a

Abubuwa uku ne suka sa masana ke ganin sana'ar tana buƙatar ƙa'idoji na musamman. Na farko, aikin a ɓoye yake. Idan magini ya gina katanga a karkace, mai gida da maƙwabta duk za su gani. Ita kuwa manhaja jerin umarni ce da aka rubuta da harshen da kwamfuta ke fahimta, kuma wanda ya saye ta bai cika iya karanta ko layi ɗaya ba. Mai rubutawa na iya barin aibi a ciki, ko ya sanya ƙofar sirri da gangan, a yi shekaru ba a gano ba.

Na biyu, kuskure ɗaya yana maimaituwa sau miliyoyi. Kuskuren likita kan tsaya a kan majinyacin da ke gabansa, amma manhaja guda takan hau wayoyi ko motoci ko jiragen sama masu tarin yawa, kowannensu ɗauke da aibi iri ɗaya. A ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mai aibi da kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ya aika ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a faɗin duniya, ya tsayar da aiki a filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna.

Na uku, fasahar tana riga doka gudu. Masanin falsafa ɗan Amurka James Moor ya yi bayani a wata maƙalarsa ta 1985 cewa kwamfuta na ba mutane ikon aikata abubuwan da babu wata doka ko manufa da ta yi tanadi a kansu tukuna. A irin wannan giɓi, kafin majalisa ta zauna ta yi doka, abin da ke tsare jama'a shi ne lamirin mai rubuta manhajar da ƙa'idojin sana'arsa.

Yadda kundin ya samo asali

Tun a ƙarshen shekarun 1940 masanin lissafi Norbert Wiener ya fara jan hankali kan illar da na'urori masu sarrafa kansu za su iya yi wa rayuwar ɗan Adam da ayyukan yi. A 1947 aka kafa ƙungiyar ACM a Amurka, wadda ke cikin ƙungiyoyin masana kwamfuta mafi daɗewa da girma a duniya. Ƙungiyar ta fitar da jagororin ɗa'a na farko a 1966, ta amince da cikakken kundi a farkon shekarun 1970, ta sake rubuta shi a 1992, sannan ta yi masa garambawul a 2018 domin ya dace da zamanin intanet da wayar hannu da na'urori masu koyo daga bayanai.

A gefe guda kuma, taron da ƙungiyar NATO ta ɗauki nauyi a garin Garmisch na Jamus a 1968 ya yayata ra'ayin cewa rubuta manhaja ya kamata ya zama reshen aikin injiniya, mai tsari da ma'auni, tun da a lokacin manyan ayyukan manhaja suna yawan wuce wa'adi, su cinye kuɗi fiye da kasafi, su kuma fito cike da kurakurai. Daga wannan tunani ne ACM da sashen kwamfuta na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE suka kafa kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Farfesa Don Gotterbarn, wanda ya samar da kundi na musamman ga injiniyoyin manhaja. An wallafa shi a 1999, kuma shi ne ake yawan koyarwa a jami'o'i. A 2020 tarayyar ƙungiyoyin kwamfuta ta duniya, IFIP, ta amince da nata kundin, wanda ta gina a kan na ACM na 2018.

Ƙa'idoji takwas na kundin 1999

Kundin 1999 ya kasa nauyin injiniyan manhaja gida takwas, kuma ya bayyana cewa maslahar jama'a ita ce ginshiƙin sauran duka.

Ƙa'ida ta farko ta shafi jama'a. Injiniya zai ɗauki cikakken alhakin aikinsa. Ba zai amince a saki manhaja ba sai yana da hujjar cewa ba ta da haɗari, ta cika sharuɗɗa, ta kuma tsallake gwaji. Idan ya hango haɗari ga masu amfani da ita ko ga muhalli, wajibi ne ya sanar da waɗanda abin ya shafa ko hukuma.

Ta biyu ta shafi mai ba da aiki. Injiniya zai yi gaskiya game da iyakar iliminsa, ya kiyaye sirrin kamfani, ya guji amfani da manhajar sata, ya kuma faɗa da wuri idan ya ga aikin zai gaza ko zai yi tsada fiye da kima. Wannan biyayya tana da sharaɗi: ba za ta saɓa wa maslahar jama'a ba.

Ta uku ta shafi abin da aka samar. A nan ne aka yi maganar ƙiyasin kuɗi da lokaci na gaskiya, da isasshen gwaji, da rubuta bayanin yadda manhajar ke aiki domin wanda zai gaje ta, da mutunta sirrin mutanen da bayanansu za su shiga cikinta.

Ta huɗu ita ce 'yancin yanke hukunci. Injiniya ba zai sa hannu a takardar da bai duba ba ko bai yarda da ita ba. Ba zai karɓi cin hanci ko ya caji kuɗi sau biyu kan aiki ɗaya ba. Idan yana da wata maslaha ta kansa a cikin kwangila, sai ya bayyana.

Ta biyar tana kan shugabanni. Manaja zai raba aiki gwargwadon ƙwarewa, ya biya haƙƙi yadda ya dace, kada ya umarci na ƙasa da shi da abin da ya saɓa wa kundin, kada kuma ya hukunta wanda ya nuna damuwa kan ɗa'a.

Ta shida ta shafi martabar sana'ar, ta bakwai ta shafi abokan aiki, wato yi musu adalci, da ambaton gudummawarsu, da duba aikinsu ba tare da son rai ba. Ta takwas kuma tana kan mutum shi kansa: ci gaba da neman ilimi muddin yana sana'ar.

Kundin ACM na 2018

Kundin 2018 ya fi faɗi, domin ya haɗa duk wanda ke aiki da fasahar kwamfuta, har malamai da ɗalibai. Yana da ƙa'idoji 25 a sassa huɗu: bakwai na ɗa'a ta gaba ɗaya, tara na nauyin ƙwararre, bakwai na shugabanci, biyu na bin kundin. Daga cikin na gaba ɗaya akwai amfanar da al'umma, da guje wa cutarwa, da gaskiya da riƙon amana, da adalci da ƙin nuna wariya, da mutunta haƙƙin mallakar fasaha, da kare sirrin mutane.

Wasu sassansa sun taɓo matsalolin zamani kai tsaye. Ya ce a tattara bayanan mutane gwargwadon buƙata kawai, a kuma yi amfani da su kan manufar da aka sanar da masu su. Ya ce tsaro ya kasance cikin ginin manhaja tun farko, ya kuma zama mai sauƙin amfani, don tsaron da ya fi ƙarfin mai amfani kan sa ya kauce masa. Ya hana shiga kwamfutar wani ba da izini ba, sai in wata babbar maslahar jama'a ta tilasta. Ya kuma ɗora ƙarin nauyi a kan masu kula da manhajojin da rayuwar jama'a ta riga ta dogara da su, irin na banki da lafiya da wutar lantarki da sufuri.

Darussa daga abubuwan da suka faru

Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna da wani abin takaici da ya tabbatar da muhimmancinsu.

Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin cutar kansa mai suna Therac-25, wadda wani kamfanin gwamnatin Kanada ya ƙera, ta yi wa majinyata shida ruwan haske mai ƙarfi fiye da kima a asibitocin Amurka da Kanada, aƙalla uku daga cikinsu suka mutu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makarin ƙarfe da na lantarki da ke hana irin wannan haɗari, amma aka cire su aka bar tsaron duka a hannun manhaja. Ɗaya daga cikin aibobin yakan bayyana ne kawai idan ma'aikaci ya yi saurin gyara abin da ya shigar cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da rahotanni suka fara zuwa, kamfanin ya ce na'urar ba za ta iya yin haka ba. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna ƙarancin gwaji, da rashin bita daga wasu ƙwararru masu zaman kansu, da yarda da manhaja fiye da kima.

A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa masu amfani da man dizal wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ta rage fitar da guba, da an hau titi kuma ta saki. Wasu motocin suna fitar da iskar mai cutarwa har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya. Wannan manhaja ta yi daidai abin da aka rubuta ta don ta yi, wato yaudara. A watan Agustan 2017 wata kotun Amurka ta yanke wa injiniyan kamfanin James Liang ɗaurin wata 40 da tarar dala 200,000, duk da cewa ba shi ne shugaba ba kuma ya ba masu bincike haɗin kai. Hukuncin ya nuna cewa cewar an umarce ka ba ta wanke mai aiki.

Jiragen Boeing 737 MAX biyu sun faɗi cikin wata biyar: na Lion Air a Indonesiya ranar 29 ga Oktoban 2018 da mutum 189, da na kamfanin jiragen Habasha ranar 10 ga Maris 2019 da mutum 157, jimilla 346. Cikin waɗanda suka rasu a haɗari na biyu akwai 'yan Najeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Ambasada Abiodun Bashua. Bincike ya gano cewa wata manhaja mai suna MCAS, wadda ke sunkuyar da hancin jirgi da kanta, ta dogara ne da na'urar auna kusurwa guda ɗaya tak, kuma kafin haɗarin farko ba a sanar da matuƙa cewa akwai ta ba. Da na'urar ta ba da bayanin ƙarya, manhajar ta yi ta danna jirgin ƙasa. An dakatar da wannan samfurin jirgi kusan wata 20 a Amurka, Najeriya ma ta hana shi shiga sararin samaniyarta a lokacin.

A Birtaniya, hukumar gidan waya ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999. Manhajar takan nuna giɓin kuɗi a ƙananan ofisoshi alhali ba a saci komai ba. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu riƙe da irin waɗannan ofisoshi sama da 900 kan zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun kashe kansu. A 2019 babbar kotu, a ƙarar da mutum 555 suka shigar, ta tabbatar da cewa manhajar na da aibobi, kuma ana iya sauya lissafin ofishi daga nesa. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukunci 39 a watan Afrilun 2021, majalisar dokoki kuma ta yi doka a 2024 da ta wanke sauran. Darasin ya shafi duk ƙasar da ke da dubban wakilan banki da masu POS waɗanda ake yi wa hisabi da abin da na'ura ta nuna. A Najeriya sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a gabatar da takardar tabbaci kan yadda kwamfuta ta samar da bayani kafin kotu ta karɓe shi, don haka gaskiyar ƙwararren da ya sa hannu a takardar na iya zama abin da zai raba mutum da kurkuku.

Idan umarni ya ci karo da ɗa'a

Hausawa na cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wahalar kundin ba ta bayyana sai lokacin da bin sa zai iya jawo wa mutum rasa aiki. Hanyar da kundin ya nuna mataki-mataki ce. Da farko injiniya ya bayyana damuwarsa ga shugabansa, zai fi kyau a rubuce, tare da hujja. In ba a saurare shi ba, ya kai gaba cikin kamfanin. Yana da damar ƙin sa hannu ko ƙin ci gaba da aikin. Idan haɗarin babba ne kuma an toshe duk hanyoyin cikin gida, to kai rahoto ga hukumar da ta dace na iya zama wajibi. Kundin 2018 ya yi gargaɗi cewa kwarmato na gaggawa ko wanda ba a tantance ba shi ma cutarwa ne, don haka sai an auna lamarin da kyau.

Tarihi ya nuna farashin hakan. A 1972 an kori injiniyoyi uku daga hukumar jirgin ƙasa ta BART a yankin San Francisco bayan sun nuna damuwa kan na'urar da ke sarrafa jiragen. A watan Oktoban wannan shekara wani jirgi ya zarce tashar Fremont saboda matsalar na'ura, wasu fasinjoji suka ji rauni. Daga baya ƙungiyar IEEE ta shigar da bayani a kotu tana goyon bayan haƙƙin injiniya na kare lafiyar jama'a. A 1985 masanin manhaja David Parnas ya ajiye muƙaminsa a kwamitin shawara kan shirin Amurka na kakkaɓo makamai masu linzami, yana mai cewa ba za a iya gwada irin wannan manhaja har a amince da ita ba. A 2018 dubban ma'aikatan Google sun sa hannu a takardar ƙin amincewa da wata kwangila da ma'aikatar tsaron Amurka kan nazarin hotunan jirage marasa matuƙa, kamfanin kuma ya sanar cewa ba zai sabunta kwangilar ba.

Matsayin lamarin a Najeriya

Najeriya na cikin ƙasashen da suka kafa hukumar doka kan wannan sana'a. Doka mai lamba 49 ta 1993 ta kafa Majalisar Rajistar Ƙwararrun Kwamfuta ta Najeriya, CPN, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Dokar ta ba ta ikon tsayar da matakin ilimin da ake buƙata, da ajiye rajistar ƙwararru, da ladabtar da waɗanda suka saɓa wa ɗa'ar aiki. Akwai kuma Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Najeriya, NCS, wadda asalinta ke komawa ga 1978, ta kuma ɗauki sunanta na yanzu a 2002.

Wasu ƙa'idojin ɗa'a sun riga sun zama doka mai hukunci. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutse cikin kwamfuta da satar bayanai. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu sarrafa bayanai, tara na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Misalin da 'yan Najeriya da yawa suka sani shi ne na manhajojin bayar da rance ta waya. Wasu daga cikinsu sukan kwashe lambobin da ke wayar mai karɓar bashi, idan ya makara wajen biya sai su aika wa 'yan uwansa da abokan aikinsa saƙonnin ɓatanci. A 2021 NITDA ta ci tarar ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni naira miliyan 10. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, ta kuma fitar da tsarin yi musu rajista a wannan shekara. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance a shagonsa shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutane. Kowace irin wannan manhaja wani mai sana'a ne ya zauna ya rubuta sashen da ke kwashe lambobin, kuma ƙa'idar tattara bayanai gwargwadon buƙata ta riga ta hana hakan tun kafin hukumomi su shigo.

Rauni da suka

Babban raunin kundin shi ne rashin haƙori. Mafi girman hukuncin da ACM za ta iya yi wa mamba shi ne korar sa daga ƙungiya, kuma mafi yawan masu rubuta manhaja a duniya ba mambobinta ba ne. Likitan da aka soke lasisinsa ya bar aiki ke nan, amma mai rubuta manhaja na iya ci gaba da sana'arsa. Ko a Najeriya, inda doka ta tanadi rajista, matasa da dama sun koyi aikin ne ta intanet ko a cibiyoyin horo na 'yan watanni, suna kuma yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga ɗakunansu, abin da ke sa bin diddigi ya yi wuya.

An gwada hanyar lasisi. Jihar Texas ta Amurka ta fara ba injiniyoyin manhaja lasisi a 1998, amma ACM ta ƙi goyon bayan tsarin a 1999, bisa hujjar cewa ilimin fannin bai zaunu yadda lasisi zai tabbatar da inganci ba. Jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa da aka ɓullo da ita a Amurka a 2013 an dakatar da ita a 2019 saboda ƙarancin masu zama. Masu adawa da lasisi suna kuma cewa zai toshe ƙofa ga masu basira da ba su da takardar jami'a.

Akwai ma tambayar ko karanta kundin na sauya hali. Wani bincike da masana a Jami'ar Jihar North Carolina suka wallafa a 2018, wanda ya haɗa ɗalibai 63 da ƙwararru 105, ya gano cewa tunatar da su kundin ACM kafin su amsa tambayoyi bai sauya zaɓinsu ba. Masu kare kundin suna amsawa cewa amfaninsa na fitowa ne idan aka shigar da shi cikin koyarwa da tsarin aikin kamfani da sharuɗɗan kwangila, kuma yana ba ƙaramin ma'aikaci abin kafa hujja a lokacin da zai ce wa shugabansa a'a.

Zamanin ƙirƙirarriyar basira

Na'urori masu koyo daga bayanai sun ƙara wa lamarin nauyi, domin sau da yawa ko wanda ya gina su ba ya iya bayyana dalilin da ya sa suka yanke wani hukunci. Idan bayanan da aka horar da su sun karkata, hukuncinsu ma zai karkata. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin nazarin fuska na manyan kamfanoni suna kuskuren tantance jinsi har kashi 34.7 cikin 100 a kan mata baƙaƙen fata, alhali a kan maza farar fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba. Ga ƙasashen Afirka da ke sayen irin waɗannan na'urori don tantance mutane a banki ko kan iyaka, gwada su a kan al'ummar da za su yi wa aiki na cikin abin da ƙa'idar adalci ta buƙata. A watan Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na hukumar UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, Tarayyar Turai kuma ta kafa doka a kanta wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024.

Yanzu da na'ura ke iya rubuta wani ɓangare na manhaja da kanta, ƙa'idar farko ta kundin 1999 ba ta sauya ba: wanda ya miƙa aiki shi ke ɗauke da alhakinsa. Hukumar gwamnati ko kamfanin da zai ba da kwangilar manhaja na iya juya ƙa'idojin su zama tambayoyi kafin a biya kuɗi. Wa ya gwada ta, kuma ina rahoton gwajin? Waɗanne bayanan jama'a take tattarawa, ina ake ajiye su, wa ke iya ganin su? Wa ke da ikon sauya lissafi daga nesa, kuma ana ajiye tarihin kowane sauyi? Idan ta yi kuskure a kan mutum, ina zai kai ƙara, kuma cikin kwana nawa za a gyara? Ɗan kwangilar da ke bin kundin zai iya amsa kowace ɗaya daga cikinsu a rubuce, ya kuma sa hannu.